Akushin Malam Barau da Fim ɗin Mai Baƙar Lema

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ga wata nan zan ba ku. Ba ta namun dawa ba ce, ba ta aljannu ba ce, ta mutane ce irinmu masu hawan jini da mantuwa. A ƙarshenta akwai tambaya, kuma ba mai tashi sai ya ba ni amsa.

A Zariya aka yi wata mata ana ce mata Lantana, tun kafin wayar hannu ta cika gari. Uwar 'ya'ya biyar ce, mijinta yana can kudu yana fataucin albasa, sai jefi-jefi yake leƙo gida. Mace ce mai yawan fargaba. In yaro ya yi tari sau biyu ta fara tunanin asibiti, in an buga ƙofa da ƙarfi gabanta ya faɗi. Ita kaɗai ta rage wa mahaifinta, Malam Barau, saboda haka da uwarta ta rasu sai ta ɗauko shi ta gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Tuwonsa ba a zuba shi a kwanon samira. Yana da wani baƙin akushi da ya gada wajen ubansa, gefensa ya tsage an ɗinke da waya. A ciki yake ci, kuma ba mai zuba masa sai Lantana.

Shi Malam Barau, da ƙuruciyarsa, shi ne ofareta, wato mai haska fim, a silimar bakin kasuwa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗan ɗakin nan na sama yana juya inji, har aka rufe silimar aka mai da ita wurin ajiye taki. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: yakan ce tunda ya kama aiki bai taɓa ɗora wa jama'a kuskure ba, ko sau ɗaya.

Yana da abokai uku tun na wancan zamani. Akwai Ɗantani tela, akwai Bawa direba wanda ya zama babba a tashar mota, akwai Ilu mai gyaran rediyo. Kullum bayan la'asar su huɗun nan suna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Lantana, kuma hirarsu ba ta wuce finafinan leƙen asiri da suka kalla suna samari. Ba wanda ya ji Turanci a cikinsu lokacin, don haka su suke raɗa wa finafinan suna. Ɗantani ya ce ba a taɓa yin kamar Kurman Otal ba, shi dai ɗinkin kwat ɗin jarumin ne ya tafi da shi. Bawa ya ce Wasiƙa Cikin Burodi, saboda tseren mota a kan gada. Ilu yana son duk wanda aka ɓoye rediyo a cikin buta ko sabulu. Malam Barau kuwa ya ce dukansu yara ne, sarkin finafinai shi ne Mai Baƙar Lema, wanda aka haska sau ɗaya tak aka wuce da shi Jos.

A kan ƙarshen wannan fim ne suke raba gari. Akwai wata Baturiya a ciki mai gashi kamar gemun masara, wadda jarumin ya amince da ita. Malam Barau ya ce ita ta kashe shi: ta kawo masa shayi, ta zuba guba, ta juya da cokali tana murmushi, ya sha ya faɗi. Ɗantani ya rantse aurenta ya yi, har da waƙa. Ilu ya ce daga jirgin ƙasa ta yi tsalle. Bawa kuwa, da an zo nan sai ya miƙe ya ce bari ya je ya duba taya, ko ya ce, “Ni a ranar kan keke nake, ban gani ba.”

Lantana takan ji su daga tsakar gida ta girgiza kai. Tsofaffi da jikoki, suna faɗa a kan Turawan da ba su san da zamansu ba.

Wata Laraba gardamar ta yi zafi. Ɗantani ya ce, “Ofareta, kai fa ta 'yar taga kake leƙe, hayaƙin inji ya cika maka ido. Mu da muke ƙasa mu muka ga fim.”

Malam Barau ya ce, “Tela, kai da an kashe fitila barci kake yi! Tsaya in nuna maka yadda ta juya cokalin.”

Ya miƙe, ya ɗaga hannu yana juyawa a iska. Sai hannun ya sauka da kansa. Bakinsa ya karkace, ya tafi luu ya faɗi a gindin bishiya.

Kwana tara ya yi a asibiti. Aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin hagu. Aka sallamo shi da ƙwayoyi, likita ya ja wa Lantana kunne: ya ci abinci, ya sha maganin nan safe da yamma, in ba haka ba ciwon zai dawo, kuma na biyu ba ya barin mutum.

Ranar da suka dawo ta dafa masa shayi mai kauri, ta durƙusa gabansa tana juyawa da cokali don ya huce. Ya zuba mata ido. Ba kallon uba ba ne. Ya ce da karkataccen bakinsa, “Na gane ki. Wa ya aiko ki?”

Ta ce, “Baba, ni ce fa, Lantana.”

Ya sa hannun da ke motsi ya kaɗe kofin. Da ta kawo tuwo ya ture akushin da ƙafa. Da jikokinsa suka kawo, ya ce duk mutanenta ne. Ƙwaya kuwa ko ganinta ba ya son yi. Wata ma'aikaciyar jinya a maƙwabta ta sa masa ƙarin ruwa, ya fizge allurar. Mata suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce. Aka yi rubutu, shi ma ya ƙi sha. Ruwan buta kaɗai yake kurɓa, shi ma sai ya ga an taro shi daga famfo da idonsa.

Lantana ta rame a tsaye. Ba mutuwar ce kaɗai take tsoro ba, kowa zai mutu. Abin da ke cin ranta shi ne uban da ya haife ta ya koma ga Allah yana ganin ita ce ta kashe shi, bai ci daga hannunta ba, bai sa mata albarka ba. Da wane ido za ta dubi 'ya'yanta ta ce su yi mata biyayya? Takan tsaya bayan labule tana kallon haƙarƙarinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ta koma madafa ta toshe baki da gyale don kada yara su ji.

To, ga abin da Ɗantani ya yi.

Ya rufe shagonsa, alhali akwai ɗinkin biki jibge a kan tebur. Masu kaya suka zo suka yi masa tas, suka kwashe yadinsu suka kai wa wani, wasunsu ba su ƙara dawowa ba har yau. Ya shimfiɗa buzu kusa da katifar abokinsa, ya zauna yana yi masa fifita. Kowa ya ɗauki maganganun Malam Barau sambatun ciwo ne, ba mai saurara. Shi ya saurara. Kwana huɗu yana tsintar kalma ɗaya-ɗaya: lemata tana ina, jirgin ƙarfe shida, kada a kunna fitila. A rana ta huɗu ya ji maras lafiyan yana gunjin wani kiɗa a maƙogwaro. Ɗantani ya gane kiɗan Mai Baƙar Lema ne. Ya karɓi kiɗan ya ƙarasa shi.

Malam Barau ya damƙe masa hannu. “Kai namu ne?”

“Naku ne.”

“To kada ka sha shayin.”

Ɗantani ya fito tsakar gida ya sami Lantana tana wanke akushin da ba a ci komai a ciki ba. Ya ce, “'Yata, ba sammu ba ne, ba iska ba ce. Ubanki yana cikin fim ɗin nan, an rufe ƙofa da shi. Shi ne jarumin, ke ce Baturiyar.”

Daga ranar, da yake Malam Barau ya ɗauke shi nasu ne, sai ya yarda ya karɓi dabino uku ko huɗu daga aljihun Ɗantani, da ɗan kunun da Ɗantani yake damawa a gabansa ya fara sha. Magani dai ya ƙi, abincin Lantana ya ƙi. Amma wannan dabino da kunu su suka riƙe ransa sauran kwanakin. Ɗantani ya yi ta lallashinsa cewa Baturiyar ba ta kashe kowa ba, aure ma aka yi. Malam Barau ya ce, “Ni na haska shi. Ni za ka gaya wa?”

Ga kuma abin da Bawa ya yi.

A wancan zamani fim naɗi-naɗi yake zuwa, kowane naɗi cikin gwangwaninsa mai faɗi kamar faranti. Silima biyu ce a garin, ta bakin kasuwa da ta tsallaken layin dogo, kuma fim ɗaya suke rabawa. Ta tsallaken dogo takan riga farawa, da naɗi ya ƙare sai a ba wani ya ruga da shi a keke ya kai wa Malam Barau. Mai keken nan Bawa ne, kafin ya koyi tuƙi.

Bawa ya ji abin da Ɗantani ya gano. Washegari da hantsi ya zo, ya tuɓe takalmi, dattijo da furfura, mutumin da direbobi ɗari suke rusuna wa, ya durƙusa gaban katifa a gaban Lantana da abokansa.

Ya ce, “Barau, ka dube ni. Ni ne Bawa mai keke. Ƙarshen da ka haska ba na fim ɗin ba ne.”

Ya faɗi komai. A ranar, ya ce, yana tsaye bakin ɗakin inji na tsallaken dogo yana jiran naɗin ƙarshe, har ya ga farkonsa: jarumin yana kulle, Baturiyar ta kawo masa ruwa, ya sha ya miƙe. Sai wata mai gyaɗa da yake so ta gifta, ya bi ta waje. Da ya dawo an gama, ana ta yi masa tsawa ya makara. Ya suri gwangwani ya hau keke. Ashe na wani fim ɗin leƙen asiri ne da za a wuce da shi wani gari gobe. Jarumin can ma baƙar kwat gare shi, Baturiyar can ma gashin masara gare ta, jama'a ba sa jin abin da ake faɗa, ba wanda ya lura. Shi kansa sai da safe ya gane. Ya yi shiru don tsoron kora. Daga baya ya yi shiru don kunya. Shekara talatin da ɗaya yana jin abokinsa yana alfahari bai taɓa kuskure ba, yana tashi ya je duba taya.

Can Malam Barau ya ce, da wata murya da Lantana ta daɗe ba ta ji ba, muryar ma'aikaci, “Allin da aka rubuta lamba a gwangwanin, ja ne ko fari?”

“Ja.”

“Sauran biyar fari ne. Na gani. Na ce a raina allinsu ne ya ƙare.” Sannan ya ce, “Sai na ga na ainihin da idona.” Ya juya fuska bango. “Kai kuma fita.”

Bawa ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. Tun daga ranar Malam Barau bai ƙara kiransa Direba ba. In ya zo gaisuwa, yakan amsa masa kamar yadda ake amsa wa baƙon da ya yi ɓatan hanya. Amma ƙofar da take rufe ta ɗan buɗe: mutumin da ya ƙi jin kowa, yanzu ya yarda akwai wani ƙarshe.

Sai abin da Ilu ya yi.

Fim ɗin da ba a san sunansa na ainihi ba, ina za a same shi? Lantana ta tuna akwai adakar ubanta a ƙarƙashin gado cike da tsofaffin fastoci. Ta zazzage ta, ta yi ta buɗewa ana atishawa, har aka sami wata da gara ta ci gefenta, ga mutum riƙe da baƙar lema. Ilu ya naɗe ta ya sa a aljihun babbar riga. Yana da ciwon suga, kuma akwai wani gyambo a ɗan yatsan ƙafarsa da aka hana shi takawa. Matarsa ta tare ƙofa, ya zagaya ta baya.

Ya je Kaduna, masu kaset ɗin bidiyo suka yi masa dariya, suka ce, “Baba, wannan ai ya girmi iyayenmu.” Ya je Kano, ya zaga kasuwa biyu da ƙafa, wani ya ce ya gwada Jos. A Jos aka haɗa shi da wani tsoho da ya taɓa ba da hayar kaset, ya daina, ya zuba ragowar a buhuna a ɗakin kaji. Ilu ya yini a tsugune yana gwada rubutun fasta da na kowane kaset, harafi da harafi, don ba ya iya karanta shi. Ya same shi a buhu na huɗu, ya yi fumfuna. Kwana biyar ya yi a tafiyar. Ya dawo ƙafa ta kumbura ba ta shiga takalmi, bai je gida ba, ya wuce shago. Ya kwance kaset ɗin, ya goge zaren da auduga kamu bayan kamu, ya ta da wata matacciyar bidiyo da kayan cikin wasu biyu.

Da safe ya aika a kira Lantana su gwada kafin a kai wa mai jinya. Suka zauna a shago tsakanin gawarwakin rediyo suka kalla.

Abin mamaki, kusan ba abin da ya yi daidai da hirar shekara talatin. Mai baƙar lemar ma ba shi ne jarumin ba, shi ne mugun. Babu shayi. Babu aure, balle waƙa. Ba wadda ta yi tsalle daga jirgi. Aka zo naɗin ƙarshe: ga jarumin a kulle, ga Baturiyar ta kawo ruwa a kofin ƙarfe, ya sha, ya miƙe, ta buɗe masa ƙofa, suka fita tare. Lantana ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Fim bai ƙare ba. Suka isa tashar jirgi. Ya juya baya zai hau. Ta buɗe jakarta ta ciro ƙaramar bindiga ta harbe shi a tsakiyar baya, ta gyara gashinta ta tafi.

Ashe Bawa rabi ya gani, zuciyarsa ta ƙarasa masa sauran yadda take so.

Ilu ya matsa kusa da bidiyon. Mutum ne da duk unguwa ta shaida ba ya ƙarya, in rediyonka ta mutu zai ce maka ta mutu. Ya kashe bidiyon ya ciro kaset ɗin, ya fara kwance shi.

Lantana ta ce, “Baba Ilu, ƙarya za mu yi masa? Yana bakin kabari?”

Ya ce, “Ke ba ki yi komai ba, 'yata. Miƙo mini rezar can.”

Ta miƙa masa. Da hannunta ta miƙa masa, kuma wannan bai taɓa barin zuciyarta ba. Ya yanke zaren daga inda suka fita ƙofa, ya cire tashar jirgi gaba ɗaya, ya haɗe da rubutun ƙarshe da salatif. Abin da ya cire ya dunƙule ya jefa a murhun wani mai shayi da ke bakin shagon.

Bayan azahar aka kai talabijin ɗakin Malam Barau. Aka rataya bargo a taga ɗakin ya yi duhu kamar silima. Ɗantani ya jingina shi da ƙirjinsa, don a lokacin kwana goma sha biyu ke nan ba tuwo ba magani, ko zama ba ya iya yi. Ilu yana gefen bidiyo da ƙafarsa a kan kujera. Bawa yana zaune a waje bakin ƙofa, ba a ce ya shigo ba. Lantana tana bayan labule.

Aka yi nisa Ɗantani ya kasa haƙuri, ya ce, “Wai ina waƙar?”

Ilu ya ce, “Tana can gidan Indiyawa inda ka baro ta.”

Aka zo wurin. Ta kawo ruwa, ya sha, ya miƙe. Ta buɗe ƙofa, suka fita. Hoton ya ɗan yi tsalle, rubutu ya fara hawa.

Can aka ji, “Lantana.”

Ta faɗo ɗakin har tana tuntuɓe da labule. “Na'am, Baba.”

“Yunwa nake ji.”

Ta ruga ta zubo tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka a akushin. Ta ɗebo loma ta kai bakinsa. Ya dube ta, ya dubi lomar, ya buɗe baki. Uku ya ci. Ta ba shi ƙwaya ya haɗiye. A waje aka ji Bawa yana fyace hanci.

Wata bakwai Malam Barau ya ƙara a duniya. Bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba, kuma hankalinsa yana zuwa yana tafiya, amma bai sake mance ta ba. Ilu kuwa sai da aka yanke masa yatsu biyu, da sanda yake tafiya yanzu. Zaman darbejiya bai koma yadda yake ba.

Wata safiya Lantana tana ba ubanta koko, sai ya ce, kamar mai maganar farashin gero, “Ilu bai iya yanka ba. Da ni ne, ba wanda zai ga wurin haɗin.”

Ta ajiye ludayin. “Baba, ashe ka gani?”

Ya ce ta ƙara masa suga. Washegari ta tattara ƙarfin hali ta sake tambayarsa, ya ce, “Wane fim?” Har ya bar duniya ba ta san ko ƙaryar ce ta warkar da shi ba, ko kuwa ya gane ƙarya ce ya ci don ganin abin da aka yi dominsa.

Cikin watan Sha'aban ya kira ta. Ya ɗora hannunsa mai motsi a kanta, ya sa mata albarka, ita da 'ya'yanta, ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe masa kofin da ya kaɗe. Sannan ya nuna akushin. “Kada ki rataye shi ya bushe. Wanda ya fito da ni daga duhun nan, shi ne ubanki a bayana. Ranar sallah shi za ki kai wa tuwo a ciki.”

Ta ce, “Wane ne, Baba?”

Ya ce, “Kin sani mana.”

Ba ta sani ba. Ta ce a ranta gobe in ya ji sauƙi za ta sake tambaya. Goben bai yi magana ba, jibi da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Maganar akushi ta kai kunnen tsofaffin uku. Ba wanda ya buɗe baki ya ce nasa ne, sun fi ƙarfin haka. Sai dai sabuwar gardama ta tashi a tsakaninsu, a kan ranar da aka haska kaset ɗin. Ɗantani ya ce hawayen Barau sun jiƙa masa riga. Ilu ya ce ba kuka ya yi ba, dariya ya yi da rabin baki daidai wurin haɗin. Bawa, wanda yake waje, ya rantse ya ji an ce, “Direba, shigo,” ƙafarsa ce ta ƙi ɗaukarsa. Suka ce Lantana ta raba su, ita da take wurin. Ta rufe ido ta nemi ranar, sai ta ga kowanne a cikin ukun kamar ta gan shi.

Duk azumi tana juya abin. Ba don Baba Ɗantani ba, da ba a san ciwon ba, kuma da yunwa ta kashe shi kafin a je ko'ina. Amma tsokanarsa ce ta sa tsohon ya faɗi da fim ɗin a bakinsa. Ba don Baba Bawa ba, da ba a san akwai wani ƙarshe ba, da Malam Barau bai yarda ya kalli komai ba, kuma shi ne ya rasa abokin gaba ɗaya. Amma gubar ma ai shi ya kawo ta a kan keke, ya zauna a kanta shekara talatin da ɗaya. Ba don Baba Ilu ba, da gaskiyar Bawa ta tsaya a baki, ko ma ta ƙarasa tsohon in ya ga harbin nan. Amma shi ne ya sa ta miƙa reza, har yau in ta tuna albarkar da aka sa mata sai ta ji salatif a tsakiya.

Ranar sallah ta zo. Ta tuƙa tuwon, ta zuba a baƙin akushi, ta rufe da faifai, ta yafa mayafi. Ta fito ta tsaya gindin darbejiya inda ba kowa. Dama hanyar shagon tela ce, hagu hanyar tasha, miƙe kuma sai tsallaken dogo, gidan mai gyaran rediyo. An ce kowannensu ya sa an share zaurensa tun da safe, ya zauna bai ci komai ba.

Kada wata ta ce mini ta raba uku. Tuwo yana rabuwa, ta ma riga ta zuba wa kowa nasa a samira. Akushin ɗaya ne, kuma uba ɗaya aka ce.

Tuwo yana hucewa a hannunta. To, ku da kuka ji: wanda ya saurara, da wanda ya faɗi gaskiya, da wanda ya yanke ta, ƙofar wa Lantana za ta kai akushin?